Jan Fenti a Bangon Gidan Burodi

Laraba, da dare.

Da safe a taron 'yan kasuwar Bukuru na fi kowa ɗaga murya, na ce dokar da majalisar jiha ke shiryawa, ta tilasta wa mai sana'a biyan ma'aikacinsa da ya rasa aiki, za ta kassara mu. Na dawo gidan burodina na tarar an shafa wa bangon jan fenti. Alamar rusau ce: wai ta nan bututun hayaƙin masana'antu zai bi zuwa tsofaffin ramukan kuza, inda za a binne hayaƙin.

Dung mai kwaɓa mana fulawa ya ce, "Oga, in sun rushe, dokar nan za ta biya mu?"

Na kasa kallonsa. Shi ko ba komai ana yi masa doka. Ni fa?