Fuskar da Inna Ta Gani

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, aiki na tafiya.

Kin ce Inna ta yi kuka bayan kiran bidiyon nan, wai na kalle ta fuska a ɗaure kamar baƙo. Kunya ce ta hana ni amsa miki. A gidan tukwanen da nake aiki, ni ke kwaɓa baƙin garin da ake shafa wa kofuna kafin gashi. Sun ba ni takunkumi, na rataye shi a ƙusa saboda zafi, ina cika baki wai ƙura ba ta kashe namiji. Yanzu likita ya ce sinadarin manganis da ke cikin garin ya taɓa min jijiyoyi. Hannuna na ɗan rawa, fuskar kuma ta yi nauyi, ba ta motsi yadda nake so. An mayar da ni wajen ɗaure kaya, kada ki damu.

Don Allah kada Inna ta ji. Ki ce kyamarar wayata ta lalace, sai dai murya. Wallahi Yaya, ranar nan murmushi nake mata iya ƙarfina.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Auta