Jana'izar Hatsi

Daga ƙanenki Malam Tanimu, a Tungar Mutari arewa da Kornaka, zuwa ga Yaya Uwale a Tsibiri.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da ɗiya duka. Ya ciwon gwiwar nan? Mu nan lafiya lau, sai dai bana ruwa ya ɗauke hatsi na cikin bununi, bai yi ƙwaya ba, abin da aka yanka bai taka kara ya karya ba.

Yaya, ki zauna kafin a karanta miki sauran. Abarci ya dawo. Ƙanenmu Abarci, wanda mahara suka ɗauke a bakin rijiya shekara ashirin da suka wuce, har muka yi masa sadakar arba'in. Ya biyo ayarin gishiri, kai duk furfura, ƙafa ɗaya yana ja. Wallahi ban gane shi ba sai da ya yi dariya.

Ya ce an sayar da shi arewa, ya gudu wurin Nasaran Faransa da ke mulkin Aljazair, suka ba shi bindiga, har suka ƙetara teku da shi zuwa ƙasarsu. Ya dawo da baki, Yaya. Kullum da hantsi yana gindin gawo yana ba mutane labarin da wani tsoho mai gasa gurasa ya ba shi can. Wai a zamanin kakannin tsohon, mutanensu kashi uku ne: malaman addininsu, da masu sarauta, da talakawa. Biyun farko ba sa biyan komai. Talaka shi ke biyan harajin gishiri, da na niƙa, har tattabarun mai ƙasa su cinye masa shuka ba shi da ikon jifa. Da yunwa ta zo gurasa ta gagara, sai mata suka taka har fadar sarki, ƙarshenta aka sare masa kai.

Na ce ya rage murya, mu ma muna da Agali mai raƙuma, wanda ke kwasar rabonsa kowace kaka. Na tambaye shi ko talakan can ya ƙoshi bayan sare kan. Ya ce a'a, da idonsa ya ga an sake harbe su a babban birninsu. Sannan ya yi mini tsiya, wai ni ɗan kashi na farko ne, tunda Agali ba ya taɓa rumbun malami. An yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a ciki. Ina jin tsoro kada bakin nan ya sake raba mu da shi.

Ki gaida kowa. Ƙanenki, Tanimu.

Zuwa ga Yaya Uwale.

Gaisuwa da fatan alheri. Daddawar da kika aiko wa Abarci ta iso, ya shinshina ta har da hawaye. Allah ya saka. Ya zafin bazara a wajenku?

Na yi wani abu, Yaya, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Mutanen Agali sun zo sun ɗebi rabonsu kamar shekarar ƙoshi, suka ce za su dawo, wannan karon har da iri. Ke kin sani ko uban Agali bai taɓa sa hannu a irin shuka ba. Matasa suka fara wasa gatari. Abarci da kansa ya hana su, ya ce ya san abin da bindiga ke yi wa mai gatari. Sai ya kawo dabara: kowane gida ya sussuke irinsa, a ɗinke cikin fatu, a naɗe da likkafani, a binne, a ce wani baƙon falke ne ya rasu a ɗakin Abarci. Ba mai tone kabarin Musulmi. Amma buzayen Agali na shayar da raƙuma a rijiyarmu kullum, dole su ga ni liman na yi wa gawar sallah.

Kwana uku ina ƙi. Sallar gawa a kan hatsi, ai wasa da addini ne. Rana ta huɗu ya same ni a zaure ya ce, "Yaya, in ba ka sallaci hatsi yau ba, mutane za ka sallata da damina."

Na yi. Na tsaya gaban jama'a na yi kabbara huɗu. Mata suka yi kuka, kuma ba na ƙarya ba ne, don kowace ta binne wani a yunwar da ta wuce. Tun ranar ko fura ba ta yi mini daɗi. Ki sa ni a addu'a.

Naki, Tanimu.

Zuwa ga Yaya Uwale.

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki. Kada ki tambayi tawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Abarci ya rasu ran Talata.

Tururuwa ce ta tona mu. Wani buzun Agali ya ga layinta na fitowa daga kabarin, kowace da ƙwayar hatsi a baki. Agali ya zo da kansa, amma ya ji tsoron tone kabari bisa zato. Sai ya tara gari a bakin rijiya, ya sa aka ɗauko Alƙur'anina, wanda Baba ya rubuta da hannunsa, ya ce in dafa in faɗi abin da ke cikin ramin. In na ce mutum ne, zai hau raƙuminsa ya tafi.

Kalma ɗaya ce, Yaya. Gari duka na kallona. Abarci na gefe, ko gira bai ɗaga mini ba. Na ɗora hannu, na buɗe baki in ce mutum, harshena ya ƙi. Na ce hatsi ne.

Suka tone, suka ɗora wa raƙuma. Ba a tambayi mai dabarar ba, kowa ya san ɗakin da gawar ta fito. Suka ɗaure shi a gungumen rijiya cikin rana, suka hana a ba shi ruwa. Na roƙi Agali har na kama ƙafarsa. Ya ɗaga ni da girmamawa, ya ce malami mai gaskiya irina ba ya durƙusa wa kowa, ya ba ni rawani. Kwana biyu Abarci ya yi, a na uku aka kwance gawa.

Ruwan shuka ya sauka jiya. Gonaki na nan jiƙe, ba abin zubawa. Na buɗe rumbuna, shi kaɗai aka bari a garin nan, na raba. Ba zai shuka ko gonar gida biyar ba. Sun karɓa, ba wanda ya dube ni, kuma wallahi ban ga laifinsu ba.

A ramin da aka tone hatsin aka sa Abarci, don ba mai ƙarfin haƙa wani. Na yi alwala na fito, sai Mainassara maƙeri ya tare ni a ƙofar zaure, ya ce jama'a sun ce in huta. Shi ya ja sallar, mutumin da Fatiha ma sai ya yi tuntuɓe biyu. Daga bayan danga na ƙidaya kabbarorin, na ji ya yi biyar, ban iya gyara masa ba.

Ban san me zan ce wa Allah ba, Yaya. Na yi ƙarya inda bai kamata ba, na faɗi gaskiya ta kashe ɗan'uwana. Ke kika goya mu duka biyu, ke kaɗai kika rage mai ikon zagina. In gwiwarki za ta iya, ki zo. In ba za ki iya ganin fuskata ba, ki aiko a faɗa mini, zan gane.

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Ƙanenki, in har yanzu kin yarda, Tanimu.