Fara Ba Rawa Take Yi Ba

Abokina Chibueze,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama, ya mutanen Gyadi-Gyadi? Ina nan lafiya a Alƙahira, a asibitin dabbobin da nake koyon aiki. Abincinsu ne dai bai karɓe ni ba, amma ana maneji.

Na ga bidiyon ƙaramar karyarka Fara tana tsalle da ƙafa uku, yara na tafi wai rawa take. Ba rawa ba ce. Ƙoƙon gwiwarta ne ke gocewa, kuma gadonsa ake yi. Na san ƴan Tarauni na jiran ƴaƴanta, amma kada ka kai ta barbara, ka kai ta wurin likita. Ka ce musu ni na hana. In na dawo, su zage ni.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Murtala