A Bar wa Kifayen Ruwais Abincinsu

Zuwa ga Mai Girma Jagoran Masu Feshin Maganin Sauro.

Bayan gaisuwa mai yawa da jinjina, ina taya ka murnar nasarar da rundunarka ta samu a kan sauro, maƙiyin da a unguwar Karantina ta nan Jidda ko liman bai ƙyale ba. Sai dai, ranka ya daɗe, yaƙin ya ci waɗanda ba su ɗauki makami ba.

Na farko. A arewa da unguwarmu ta Ruwais akwai wani lungu inda ruwan sama kan gangaro ya sadu da teku. A da, in la'asar ta yi sanyi, mazari kan sauko yana taɓa ruwan kamar mai alwala, ƙananan ƙwari su taso tamkar hayaƙin turare, jatan lande na yawo a ƙasa, kifaye kuwa su yi ta tsalle suna cafka. Tun da motarka ta feshi ta bi ta wajen, halas, shi ke nan. Ruwan ya kwanta luf, mai na ƙyalli a kansa.

Na biyu. Ni bawanka, da gashin zakara da zaren ɗinki nake ɗaura ƙwaron ƙarya a jikin ƙugiya. Sana'a ce ta yaudara, amma yaudara mai ladabi. To kifin da bai taɓa ganin ƙwaron gaskiya ba, da me zai gane na ƙarya har ya yi marmarinsa?

Na uku, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami. Mahaifina masunci ne daga bakin kogin Haɗeja, da ƙafa ya iso ƙasar nan, yanzu idanunsa sun rufe, ba ya gani. Duk Juma'a nakan kai shi lungun ya zauna ya saurari tsallen kifi. Yakan ce a cikin wannan ƙarar yake ganin kwalekwalen babansa. Da ruwan ya yi shiru, na koma jefa tsakuwa cikin ruwan ta bayansa don ya zaci kifi ne. Sai dai Juma'ar da ta wuce ya ce in bar shi a ɗaki.

Roƙona, a tsallake wannan lungu kaɗai in an zo feshi. Sauron da zai tsira, ni na ɗauki nauyin ciyar da shi da jinina.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya bar maka ganinka har tsufa.

Wassalam.

Alhaji Sambo Tela, Ruwais, Jidda.