Ashe Tsohuwa Ce Ke Juya Ni

'Yata mai wannan fili, ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ban yi boko ba, tela maƙwabcina ke rubuta mini, sai dariya yake yi.

Jikata tana bincike a jami'a kan wanda ke yanke shawarar kashe kuɗi a gida, da yadda hakan ke shafar lafiya. Ta zaunar da ni a tsakar gida ta tambaye ni, na ce ni ne, tun kafin a haifi ubanta. Sai ta shiga ɗaki wajen kakarta, suka manta taga a buɗe. Idona ne ya raunana, kunnena garau. Da kunnen nan na ji tsohuwa tana cewa duk abin da take so in yi, sai ta hana ni. Wai da haka na sayi gidan sauro, da haka na fara shan maganin hawan jini! Ni da ake zuwa tambaya wa ya haifi wa a zuri'armu, ashe ban san matata ba.

To, likita ya ce a cire mini yanar ido. Ni kuwa na yi tanadi ne don rufin ɗakin mahaifina da ke yoyo. Jiya tsohuwa ta ce kada in yarda da aikin, ɓarnar kuɗi ne. In na je ta ci ni, in na ƙi, tattaɓa-kunnena ma sai da murya nake gane su. Yaya zan yi?

Dattijo Mai Kunne

Baba, na gaishe ka. Ni ma sai da na dara.

Kana da gaskiya, ba wanda ke son a riƙa juya shi, kuma ɗakin mahaifi ba abin sakaci ba ne. Amma dubi inda Inna ta kai ka: gidan sauro da magani. Da ka saba jin shawararta kai tsaye, da ba ta sha wannan zagaye ba.

A shimfiɗa wa rufin leda tukuna, 'ya'yanka su ɗauki gyaransa. Ido ba ya jira. Ka zaunar da Inna, ka ce ka ji komai, daga yau ku riƙa yanke shawara tare, kuma ka koma wajen likita. In tela ya tambaya, ka ce kai ka yanke.

Ranar da aka buɗe idon, fara duban fuskar wadda ta daɗe tana yi maka wayo don ka rayu. Allah ya sa a yi aiki lafiya, ya bar ku tare.