Tangaran ɗin jere

Daren Laraba, Dogon Dutsi

Yau a ɓarin faranti na ci tuwo, kuma ni na jawo wa kaina.

Tun da na gyara ɗakunan waje don baƙi masu kwana biyu su wuce, zancen kwanukan ci ya hana ni sakat. Ni dai silba na so, wadda in ta faɗi sai ta yi kukanta ta tashi. Hadiza ɗiyata ta bugo daga Yamai: "Baba, ma'aikatan proje, masu ayyukan raya ƙasa, ba su ci a silba, tangaran za ka sa." Mutum irina, wanda lakwal, makarantar boko, ta kora tun bai iya rubuta sunansa daidai ba, ina shi ina gardama da 'yar jami'a?

Da na ji tsadarsa a kasuwa, sai na tuna jeren Uwar Hadiza, tangaran ɗin aurenta da ko ƙuda bai taɓa ci a ciki ba. Tana gidan suna na zare kaɗan. Baƙon farko, mutumin kirki, ya ce shi zai wanke abin da ya ɓata. Faranti ya kuɓuce masa, ya rabe biyu.

Da Uwar Hadiza ta dawo ta gani ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Bayan magariba ta aje mini tuwo a ɓari guda, miya a ɗayan.

Na ce, "Uwar Hadiza, miyar tana zuba fa."

Ta ce, "Malam, ai tangaran ne. Manyan mutane a ciki suke ci."

Gobe zan sayo wa baƙi silbarsu. Da na tambaye ta ina tsohon kwanona na silba, ta nuna mini jere. Yana can zaune a gurbin wanda ya fashe.