Kwano Ɗaya da Haris

Zuwa ga Mardiyya, hasken idona, sanyin ƙirjina, farar belbelar fadamar Kirikasamma, ruwan sabon tulu a tsakiyar bazara, mai murya irin ta iskar da ke riga hadari isowa!

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ban taɓa rusunawa na yi wa wani mahaluki ba, in ba mahaifiyata ba.

Saƙonki ya iso ni ta bakin Iya Ma'u. Kin ce ba za ki amsa maganar aurenmu ba sai na zo gidanku ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na zauna da yayanki Haris mun sa hannu a kwano ɗaya. Haba Mardiyya! Da cewa kika yi in tsallake kogin Haɗejiya a tsakiyar damina da buhu a kaina, wallahi da tuni ina wancan ƙetare. Amma Haris? Mutumin da ya ɗauki shebur lokacin ambaliyar bara, ya fasa jinga, ya juyo ruwa kan gonata don tasa ta tsira? Kin ga abin da ya rage da ruwa ya janye? Shinkafar da ta fara nuna ta kwanta ta zama baƙin taɓo, tsutsa na ninƙaya a cikinta, matattun kifi sun kumbura a kan kunya, ƙuda kamar an watsa baƙin riɗi. Ɗoyin nan har yau yana maƙogwarona. In na ji sunansa, miyau ne ke cika mini baki. Tir! Kuma shi ne za a ce in kalla yana tsoma yatsunsa a miya, yana lashewa, yana mayarwa, yana gyatsa a gabana?

Ni fa Gwadabe ne. Da dakon kifi na fara a kasuwa, warin banda a jikina, sakandaren ma da ƙyar na ƙarasa. Ba wanda ya ɗaga ni. Yau ga injin casar shinkafa ina da shi, ga yara suna cin abinci a ƙarƙashina. Ban saba sunkuyar da kai ba, kin sani, duk gari ya sani.

To bari in faɗa miki abin da zai ba ki dariya. Akwai wani dattijo mutumin ƙasar Siri Lanka da ke zuwa gyara mana inji, yara na kiransa Baba Lanka. Addinin Buda yake bi. Ya gan ni kullum ina huci kamar kububuwa, sai ya tambaye ni abin da ke cina. Na gaya masa. Bai ce Haris ya kyauta ba, bai kuma taya ni zaginsa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Cewa ya yi a wurinsu ƙauna shuka ce, noma ta ake yi kamar shinkafa, ba a jira ta faɗo daga sama. Wai mutum ya zauna shiru da safe, ya bi numfashinsa, ya fara yi wa kansa fatan lafiya da kwanciyar rai. Sannan wanda yake so. Sannan wanda bai dame shi ba, kamar mai shayin bakin tasha. A ƙarshe kuma wanda ya tsana. Wai zuciya ruwan kogi ce a randa, in ka daina dama ta, lakar da kanta za ta kwanta. Kada hankalinki ya tashi, alƙiblata tana nan inda take, sallata ba ta motsa ba. Da na ba liman labari ma cewa ya yi ai mu aka fara yi wa umarnin so wa ɗan'uwa abin da muke so wa kanmu, sai dai kunnena ne bai ji ba sai da baƙo ya faɗa.

Na gwada, saboda ke. Yi wa kaina fatan alheri bai ba ni wahala ba, na daɗe ina yi. Da na zo kanki kuwa, wayyo Mardiyya, nan na maƙale! Wa zai iso inuwar tsamiya da tsakar rana ya ce zai wuce? Sai in tuna ranar da muka haɗu a kwalekwalen fito, ruwa ya shanye hanyar Kirikasamma. Kika miƙa hannu kika tsinko furen bado, fari tas, ba ɗigon ƙazanta a jikinsa, alhali saiwarsa tana cikin laka mai wari. Da muka sauka kika gode wa mai fito har da tambayar iyalinsa, ni kuwa na wuce ko waiwaye ban yi ba. Kika dube ni kika yi murmushi, wushiryar nan taki ta bayyana. Tun daga ranar nake koyon cewa na gode, kalmar tana fita daga bakina kamar ana cire ƙaya. Baba Lanka ya ce a so mutum ba tare da an ƙanƙame shi ba. Nan kam mun raba hanya da shi. Ni ƙanƙame ki nake son yi, har ranar da za a ɗauke ni a makara.

Mai shayi ma na wuce shi lafiya. Amma duk sanda na kawo Haris a zuciyata, sai abin ya gagara. In buɗe baki in ce Allah ya ba shi lafiya, sai in ji harshena yana neman cewa Allah ya isa. In ga gemun nan nasa mai kama da sharar da ta toshe magudana, in ga jan goro a leɓensa, in tashi in tofar da miyau. Ranar Talata na sake zama, na ce yau sai na dube shi sosai da idon zuci, ko zan yi amai. Na dubi goshinsa, na dubi hancinsa, ya buɗe baki zai yi dariyar nan tasa mai ban ƙyama. Mardiyya, wushiryarki ce a bakinsa! Ita ce, ba ƙari ba ragi. Nono ɗaya kuka sha, tsakar gida ɗaya kuka yi rarrafe. Yaya zan tofa wa fuskar da ke ɗauke da rabin taki miyau? Sai na tuna shi ya buɗe miki ƙofa da mijinki ya rasu, kuma shinkafar gonar da ya tsirar, ita kike ci ke da marayunki. Ashe tuwon da ya riƙe mini ke, da hasarata aka tuƙa shi. Sai na ji ƙirjina ya yi sanyin da na manta irinsa.

Kada ki ɗauka na zama waliyyi. Har yanzu abin da ya yi ƙazanta ne, kuma har yanzu ina ƙyamar yadda yake cin abinci. Amma zan zo. Zan cire takalmina a ƙofar zaurenku, in ce masa Yaya Haris, in miƙa masa hannu biyu, in sa yatsuna inda ya sa nasa. Ba zan ambaci jinga ba, ko da shi ya ambata.

Roƙona biyu ne, ya ke abar begena. Ki dafa mana burabusko da hannunki, kada ki bar wa kowa. Kuma ki zuba barkono da yawa a miyar, yadda in idona ya kawo ruwa a gaban yayanki, kowa zai ce yaji ne.

Naki yau, naki gobe, naki har ƙasa ta rufe idona,
Gwadabe mai inji, Haɗejiya.